Ƙulli Uku a Hankici

A Bur Sudan, bayan masu gwanjon kifi,
inda gishirin Bahar Maliya ke cin ƙofofin ƙarfe,
Usta Barmo na da shago, faɗinsa tabarma biyu.
Ni ke hura gawayi, ni ke dafa gahawa da citta.
Shekara bakwai ke nan, bai taɓa tambayar ra'ayina ba.

Ran Talata Sittana ta zo, ba ta daɗe da fita takaba ba.
Ta kwance hankici, ƙulli uku,
ta ajiye bajo, tsawonsa bai wuce yatsa ba:
fuka-fukai biyu a buɗe, anga a tsakiya,
igiya ta naɗe angar, garkuwa ta hau kanta.
Wai dillali daga Jidda ya taya da dala,
in har ƙirjin matuƙin jirgin sojan ruwa ya taɓa ɗaukarsa.
Ta ce mijinta, Gambo ɗan dako,
ya tsamo wani Bature daga ruwa a bakin tasha,
tukwicinsa ke nan.

Usta bai kalli gaban ba, kife shi ya yi.
"Gaba ado ne," in ji shi, "baya ke ba da shaida."
Sai ya turo mini gilashin ido.
Hannuna ya yi rawa.

Na san karatun, na haddace a tsaye:
na gaske bugu ne, injin ya danne shi sau ɗaya,
kowane gashin fiffike yana da kaifin kansa.
Na jabu zubi ne, ƙasa ta haife shi,
kumfa kan mutu a jikinsa ta bar ƙananan ramuka.
A duba hatimin maƙera, ko haruffa sun tsaya da ƙafarsu.
A duba fil, a ji yadda maƙallinsa ke juyawa.
A duba inda ruwan zinariya ya goge,
kaki na cin tudu ne, ya bar kwari da haskensa.
A ɗora kan sikeli. A sake shi kan faranti, a saurara.

Na saurara. Bai yi kuka ba, tari ya yi.
Na ƙirga ramuka biyar a ƙarƙashin anga.
Haruffan sun narke kamar man shanu a rana.
Can gefen hagu kuma, kusa da fil,
zarto ya ja layi biyu gajeru, da gangan.

Na san layin nan.
Yana gindin kowace buta da muka gyara a shagon nan.

Na ɗago kai. Usta na kallon titi,
inda jaki ke jan tankin ruwa.
Ya daɗe kafin ya ce,
"Hajiya, ni na zuba shi.
Ina da shekara ashirin, ga yunwa, ga jirage cike da baƙi.
Na yi arba'in, talatin da tara sun haye teku.
Gambo ya sayi na ƙarshen, kuɗin shayi biyu,
ya ce zai je neman aure."

Ban ji fanka ba, ban ji kasuwa ba.

Sittana ta ɗauki bajon, ta goge shi da bakin mayafi.
"Ashe bai iya ruwa ba," ta ce.
"Na daɗe ina zargi. Ko kwalekwale ba ya shiga."
Dariya ta kama ta, ta rufe baki, ta share ido.
Ƙulli ɗaya. Biyu. Uku.
"Ku ce wa na Jidda ya nemi wani."

Da ta fita, Usta ya kurɓi gahawar da ta huce.
Na miƙa masa gilashinsa.
Ya ce, "Riƙe.
Ramukan shida ne, amma riƙe."